Gwiwar Auta

Shafi na 23

Masu turo min saƙo wai na fiye jan rai, na ji, na kuma gode. Ke kuma da kika ce in na bari Auta ta faɗi jarrabawa kin daina karantawa, ki sha ruwa ki zauna, ni ma ba son hawayenta nake yi ba.

Wanda yau ya fara leƙo mu, ga inda aka kwana. Auta ita ce ƙaramar likita a sashen gashi na asibiti, inda ake koya wa waɗanda ciwo ya kayar tashi da tafiya. Tana aiki tana karatun digiri na biyu, kuma duk bincikenta a kan mutum ɗaya ya tsaya, Baba Tela, wanda ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ta rubuta cewa yanzu yana tafiya da sandarsa ba tare da an tallafe shi ba. Yau malaman jami'a za su zo su gani da idonsu. In ya yi tafiyar, Auta ta ci. In bai yi ba, karatun da ta sha wuya a kansa ya koma baya. Ana dab da isowarsu sai Anti, shugabar sashen, wadda ke horar da ita a wurin aiki, ta ja hannunta zuwa ɗakin ajiya.

*

"Rufe ƙofar."

Auta ta rufe. Ɗakin ƙarami ne, kujerun guragu a jere jikin bango, sanduna a kusurwa, ko'ina warin man zafi.

Anti ta jawo kujera ɗaya ta zauna a ciki, ta saki ƙafarta ta hagu.

"Zo ki tayar da ni."

"Anti, lafiya?"

"Ni ce Baba Tela. Tayar da ni yadda kike tayar da shi, mu taka zuwa ƙofa."

"Anti, yanzu fa za su iso. Ko kujerunsu ban gama jerawa ba."

"Kujeru ba sa gudu. Zo."

In kun san Anti kun san ba a yi mata musu sau biyu. Ba ta ɗaga murya. Ta saman tabarau kawai take duban mutum, sai ya ji duk laifin da ya taɓa yi tun yana yaye ya dawo masa.

Auta ta tsaya ta hagunta, ta kama bayan ɗamararta, bakinta ya fara karanto abin da ya saba.

"Bismillah Baba. A turo ƙirji gaba. A danna ƙafa. Yauwa, a miƙe."

Anti ta miƙe da nauyi, tana jan ƙafar kamar da gaske ba tata ba ce. Suka fara takawa. Ba su kai ƙofar ba ta ce, "Tsaya haka. Kar ki motsa ko kaɗan. Dubi ƙasa."

Auta ta duba. Ba ta ga komai ba sai doguwar farar rigarta ta aiki.

Anti ta sa hannu ta ɗaga gefen rigar.

Gwiwar Auta ta dama tana manne da gwiwar Anti ta hagu, ta tokare ta tam.

"Ƙafar wa ke ɗauke da ni yanzu?"

Auta ta ci gaba da kallon gwiwar.

"Tambayarki nake."

"Anti, ai... ai ke kika koya min. Kika ce in gwiwar mara lafiya tana lanƙwashewa, in tokare ta da tawa."

"Na koya miki. Me na ce bayan nan?"

Muryar Auta ta koma ciki. "Kika ce ana janyewa a hankali, har ƙafar ta koyi ɗaukar kanta."

"Kin janye?"

"Na janye, Anti. Wallahi na janye tuntuni."

"Ke kin janye a ranki. Gwiwarki ba ta ji labari ba."

Anti ta koma ta zauna. Auta ta tsaya tana kallon ƙafarta kamar yau ta fara ganinta.

"Jiya na gani," in ji Anti. "Ina dawowa daga jinyar mahaifiyata na shigo, kina takawa da shi, na hango ku ta babban madubin nan na gefe. Ta gaba ba a gani, rigarki ta rufe. Na kwana ina cewa ƙila idona ne. Shi ya sa na ce ki gwada a kaina."

"Kenan duk abin da na rubuta..."

"Tafiyar mutum biyu kika auna, kika rubuta ta da sunan mutum ɗaya."

Auta ta dafa bango. Kuka ne ya taso mata, ta haɗiye shi da ƙyar.

"Ban yi don in cuci kowa ba, Anti."

"Da na ga alamar cuta, da ba a ɗakin ajiya za mu yi maganar ba. Tausayi ne ya yi miki yawa. Ba kya son ki ga ya yi tangaɗi, shi ya sa jikinki ke riga shi. Duk mai wannan aikin da ya san zafin mara lafiya yana iya faɗawa ciki. Nawa laifin kuma na tafi na bar ki ba mai duba ki ta gefe. Wannan tsakanina ne da Farfesa, shugaban malaman da za su zo."

"Za ki faɗa masa?"

"Jarrabawarki ce, ba tawa ba. Ba zan shiga gabanki ba. Amma in ya juyo ya tambaye ni, kin san ba zan yi masa ƙarya ba."

"In bai tambaya ba fa?"

Anti ta dube ta ta saman tabarau, ta daɗe.

"In bai tambaya ba, kujerunsu ta gaba kika jera su. Ba abin da za su gani."

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofar a hankali, irin ƙwanƙwasar mai tsoron a ji shi. Auta ta goge ido ta buɗe. Inna ce, matar Baba Tela, ta ƙudundune cikin mayafi tana waige-waige.

"Likita, ku yi haƙuri. An ce min kuna nan."

"Shigo Inna," in ji Anti. "Ina Malam ɗin?"

"Yana bayan labule, an kwantar da shi. In ya ji na zo nan, yau ba ni ba zaman lafiya." Ta kama bakin mayafinta tana murɗawa. "Ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa ba sai an gama. To ni kuwa ban runtsa ba."

"Me ya faru?"

"Faɗuwa ya yi."

Auta ta matso kusa da ita.

"Yaushe, Inna?"

"Jiya, bayan mun koma gida. Ina tsakar gida ina wanki. Dama tun da kika ce masa ya kusa sallama yake ta zumuɗi. Wai sai ya hau kekensa ya ɗinka miki sabuwar farar riga, ki sa yau a gaban manyanki. Har yadi ya sa an sayo, ya ɓoye ƙarƙashin filo. Na ce Malam ka bari in zo in riƙe ka. Ya ce riƙon me, ai a asibiti shi kaɗai yake tafiya, yarinyar nan rakiya kawai take yi masa."

Inna ta ja numfashi.

"Sai ƙara na ji. Tsakanin gado da keken na same shi, sandar can, shi can. Da ƙyar ni da maƙwabciya muka ɗaga shi. Abin da ya fara cewa, kar a gaya wa Auta."

Jama'a, a nan kukan da Auta ke riƙewa ya ƙwace. Ta toshe baki da hijabinta don kar a ji a waje.

Anti ba ta rarrashe ta ba. Ta miƙe ta gyara tabarau.

"Wanke fuskarki ki same ni. Kafin komai sai na ga ƙugun nan."

*

Baba Tela na kwance a gadon gwaji bayan labule, ya sha wanka, ya sa babbar rigarsa mai aiki, hula a goshi. Yana ganinsu da Inna a baya ya gane.

"Oho. An kai ƙarata kenan."

"An kai, Malam," in ji Anti. "Kuma ta kyauta. Juyo min nan."

"Mace dai ba ta riƙe magana. Shekara da shekaru ina fama."

"Da ta riƙe, da ni da kai ne yau."

Ta danna ƙugun, ta lanƙwasa ƙafar, ta juya ta ciki da waje, tana kallon fuskarsa ba ƙafar ba. Wurin ya yi baƙi ya ɗan tasa, gwiwar hannunsa ma ta kuje.

"Nan da zafi?"

"Kaɗan."

"Kaɗan na gaskiya, ko kaɗan na maza?"

Ya yi 'yar dariya. "Na gaskiya, Hajiya."

"Ban ji alamar karaya ba, Allah ya tsare. Zai iya tsayawa, amma da ɗamara a ƙugunsa, kuma hannu ba zai bar ɗamarar ba. Ana fitowa likitan ƙashi zai gan shi, wannan ba shawara ba ce."

Aka leƙo aka ce baƙi sun iso. Anti ta fita tarbarsu, Inna ta bi bayanta. Aka bar Auta tana ɗaura wa Baba ɗamara.

"'Yata."

"Na'am, Baba."

"Ɗago ki dube ni."

Ta ɗago. Idonta ya yi ja.

"Baba ka yafe min. Ni na ce maka ka iya."

"Bar wannan. Matso ki ji." Ya rage murya. "Na san da gwiwar."

Ta saki ɗamarar.

"Da can ban sani ba, wallahi. Jiya ina kwance a ƙasa na gane. Da na taka, sai na ji ƙafar tana neman wani abu a gefenta, ba ta samu ba. Na ce ashe a asibiti ƙafa uku nake tafiya da su, ban da sanda."

"Baba..."

"Ki sa ta yau kamar kullum."

"Me ka ce?"

"Ki sa ta. Wa zai gani? Ki karɓi takardarki, gobe ni da ke mu zauna mu gyara. Ba gudu zan yi ba, kin ga dai ƙafar gudun."

"Baba, ƙarya ce fa."

"Ƙaryar me? Ranar da aka kawo ni nan, ko juyawa a gado ba na iyawa. Miyau ma Inna ke goge min. Wa ya zaunar da ni? Wa ya tsayar da ni? Ina kallonki kina shigowa ido duk ya faɗa don karatu, kina cin abinci a tsaye. Yau kuma a ce saboda ƙafata aikinki ya rushe? Ban yarda ba. In kin ɗauke ni uba, ki yi abin da na ce."

To, ku da kuke riƙe da waya kuna cewa da ni ce da tuni na faɗi gaskiya, a baki abin da sauƙi. Auta ta tuna mijinta da ke yi wa yara wanka ya kai su makaranta don ta samu ta yi bita. Ta tuna abokan aikin da suka riƙa karɓar mata marasa lafiya ranar da take da lacca. Ta tuna yadda Anti ta tsaya a gaban manyan asibiti, suna cewa sashen ba shi da hannun da zai saki, ta ce ita ta ji ta gani, yarinyar nan sai ta yi karatu. Ga kuma mai ƙafar da kansa yana roƙonta. Tsoro ya kama ta, don ta ji zuciyarta ta fara karkata.

Ta ɗaure ɗamarar, ta zaunar da shi a kujerar guragu, ta turo shi.

*

Babban ɗakin motsa jiki ya yi tsit. An ture kekunan motsa ƙafa gefe. Can ƙarshen ɗakin, ta gaba, Farfesa na zaune, dattijo mai furfura a gemu, kusa da shi wata malama da suka zo tare. Anti ta ƙi zama. Ta tsaya jikin babban madubin ta harɗe hannu. Inna na bakin ƙofa, bakinta sai motsi yake.

"Ke ce ɗalibar?" in ji Farfesa.

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Na karanta aikinki, ya burge ni. Mutumin da ya zo a kwance, a ce yanzu yana tafiya da sanda shi kaɗai, ba ƙaramin abu ba ne. Baba, barka da ƙoƙari."

"Barka dai, ranka ya daɗe. Ai yarinyar nan ba ta da na biyu. Ka rubuta haka tun yanzu."

Farfesa ya yi murmushi. "Bari dai mu gani. Bismillah."

Auta ta tsaya ta hagun Baba, ta kama ɗamara.

"A turo ƙirji gaba, Baba. A danna ƙafa. A miƙe."

Ya miƙe.

Wannan karon ta ji. Ba ta aike ta ba, amma gwiwarta ta tafi da kanta ta manne da tasa, nauyinsa ya sauko mata har cinya. Ashe kullum haka take ɗauke da shi.

Suka fara takawa. Sanda, ƙafar hagu, ƙafar dama. Sanda, hagu, dama. Baba ya ɗaga kai ya buɗe ƙirji kamar mai zuwa ɗaurin aure.

"Madalla," in ji Farfesa, biro na gudu a hannunsa.

"Haka, 'yata," Baba ya raɗa mata. "Saura kaɗan."

Ta saci kallon madubi. Ga gwiwar nan a fili, ga Anti a tsaye kusa da ita, fuskarta ba yabo ba fallasa.

Sun wuce rabin ɗakin sai malamar ta jingina da kujera ta ce wa Farfesa, da murya yadda kowa zai ji, "Wannan ai ya gama da asibiti. Ni da za a bi tawa, a sallame shi ya ci gaba da tafiyarsa a gida. Mama, a daina riƙe shi, kin ji? Riƙon ne ke sa su lalaci."

Auta ta juya ta dubi bakin ƙofa. Inna ta buɗe baki ta rufe, ta dafe ƙirji, ta gyaɗa kai don ba ta iya musu da manya ba.

Auta ta tsaya cak.

"Mu je mana," Baba ya ce ƙasa-ƙasa. "Auta. Mu je."

"Ranka ya daɗe."

Farfesa ya ɗago.

"Don Allah ku taso ku dawo ta gefe. Akwai abin da ba za ku gani ba daga nan."

"'Yata, kar ki yi min haka."

"Ka yi haƙuri, Baba."

Farfesa da malamar suka dubi juna. Ya taso a hankali, ya zagayo har inda Anti take. Auta ta sa hannunta ɗaya ta ɗaga gefen farar rigarta.

Farfesa ya sunkuya ya dubi gwiwarta manne da ta Baba.

"Tun yaushe?" in ji Farfesa.

"Tun farko, ranka ya daɗe. Yau na sani."

"Abin da kika rubuta kuma, cewa yana tafiya shi kaɗai?"

"Ba haka ba ne."

"Ƙila gwiwar taki sabo ne kawai, ba ta ɗauke da komai. Janye ta mu gani."

Ya buɗe mata ƙofar tsira, kowa a ɗakin ya gane. In ta janye Baba ya yi ko 'yar tsayuwa ce, aikinta na iya tsira. Amma ita ce ke jin nauyin a cinyarta, ita ta ga baƙin da ke ƙugunsa.

"Ba zan janye ba, ranka ya daɗe."

"Me kika ce?"

"In na janye zai faɗi. Jiya ma ya faɗi a gida, saboda na ce masa ya iya."

Farfesa ya dube ta, ya dubi Anti. Sannan ya mayar wa bironsa murfi, ya sa a aljihu. Auta ta ji ƙarar murfin nan har cikin ranta. Hawaye ya gangaro mata, ba ta da hannun gogewa, ɗaya na kan ɗamara ɗaya na riƙe da riga.

"A zaunar da shi," in ji Farfesa.

"Ba inda zan zauna."

Baba Tela ne. Jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ranka ya daɗe, fito da biron nan. Ba ka gama gani ba."

"Malam, ka rufa min asiri," Inna ta ce daga bakin ƙofa.

Anti ta saki hannunta ta fara tahowa da sauri. "Auta, riƙe ɗamarar da hannu biyu."

Auta ba ta kai ga sakin rigar ba. Baba ya tattara duk ƙarfin da ke kafaɗarsa ya ture ta gefe, ɗamarar ta suɓuce daga yatsunta, gwiwarta ta rabu da tasa.

Ya dogara sandar a gaba, ya ɗaga ƙafar dama, ya bar duk nauyinsa a kan ta hagu.